Tambayoyin Masu Karatu: Ina Dariyar Ta Tafi a Fim Ɗin Maƙaryacin Farko?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wani abokina ya daɗe yana yaba mini wani fim ɗin barkwanci na Amurka mai suna The Invention of Lying, wanda yake ba da labarin wata duniya da ba a taɓa yin ƙarya a cikinta ba har ranar da mutum guda ya fara. Na kalla, na kuma sha dariya a farkonsa, amma tun kafin a kai rabi sai dariyar ta ɗauke, na ƙarasa shi ne kawai don kada abokin nawa ya ce ban yi masa adalci ba. Shin ni ne ban gane barkwancin Turawa ba, ko kuwa fim ɗin ne yake da matsala? Daga wani mai karatu.

AMSA: Barka kadai, malam. Ka kwantar da hankalinka, fahimtarka lafiya lau take, kuma abin da ya same ka ya samu masu kallo da dama tun fitowar fim ɗin a shekarar 2009. Ricky Gervais, ɗan wasan barkwancin Ingila da ya yi suna da shirin The Office wanda BBC ta fara nunawa a 2001, shi ne ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni tare da Matthew Robinson, sannan ya fito a matsayin jarumi, wato Mark Bellison. An ɗauki mafi yawan fim ɗin a garin Lowell na jihar Massachusetts, aka kuma tara taurari irin su Jennifer Garner da Rob Lowe da Tina Fey da Jonah Hill. Saboda haka 'yan wasa ba su gaza ba, kayan aiki ma ba su gaza ba, matsalar tana cikin rubutun labarin ne.

Kafin a zo kan matsalar, ya kamata a ba fim ɗin haƙƙinsa, domin sulusinsa na farko aiki ne na masu basira. Marubutan sun zauna sun tambayi kansu abin da zai ɓace daga rayuwa idan aka cire ƙarya, suka gano cewa ƙagaggen labari ma zai ɓace tare da ita. Shi ya sa kamfanin fim ɗin da Mark yake wa aiki ba ya fitar da komai sai hoton mutum zaune a kujera yana karanta tarihi a gaban kyamara, kuma aka bar wa Mark shekarun 1300, zamanin annobar da ta hallaka kusan sulusin mutanen Turai, wanda a wurin aikin ake ganin ba shi da kasuwa. Mai tallan Coca-Cola yana tsayawa ya faɗa wa jama'a cewa ruwan sukari ne kawai mai launi, ba a canza komai a cikinsa ba, amma don Allah a ci gaba da saye. A jikin motar bas kuma an rubuta cewa Pepsi na lokacin da ba a samu Coke ba ne. Gidan kula da tsofaffi an kafa masa allo da ke bayyana shi a matsayin wurin baƙin ciki na tsofaffin da ba su da sauran fata. Duk waɗannan daga cikin dabarar labarin suka tsiro, shi ya sa suke ba da dariya ba tare da an matsa musu ba.

Fitowar banki ita ce ƙololuwar wannan sashe. An kori Mark daga aiki, mai gida yana bin sa dala 800 na haya, kuma abin da ya rage a asusunsa dala 300 ne. Ya isa gaban ma'aikaciyar banki ya tarar kwamfuta ta tsaya, sai ta tambaye shi nawa ne a asusun nasa, tunda a duniyarsu abin da mutum ya faɗa shi ne abin da yake. Kyamara ta matso kan fuskarsa, aka nuna wani abu ya motsa a ƙwaƙwalwarsa, ya buɗe baki ya ce dala 800. Ana cikin haka kwamfutar ta dawo ta nuna 300, amma maimakon a riƙe shi, sai matar ta ba shi haƙuri bisa kuskuren na'ura ta ƙirga masa 800 cif. Da a ce sauran fim ɗin ya bi wannan sawu, da yau ba ka aiko da wannan tambaya ba.

Kuskure na farko, wanda yake nan tun fitowar buɗewa, shi ne marubutan sun haɗa rashin ƙarya da rashin iya kame baki. Lokacin da Mark ya fita cin abinci da Anna, wadda Jennifer Garner ta fito a matsayinta, mai kawo abinci yana zuwa ya sanar da su cewa yana jin kunyar aikin da yake yi, ya ƙara da cewa ya ɗan kurɓi abin shan da ya kawo. Sakatariyar Mark tana shaida masa cewa ta tsani kusan kowane minti da ta yi tana masa aiki, alhali ba wanda ya tambaye ta. To ai mai gaskiya yana iya yin shiru, yana iya cewa ba zai amsa ba, yana iya zaɓar wadda zai faɗa daga cikin gaskiya goma ya bar tara a cikinsa, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Duniyar da babu ƙarya a cikinta tun farkon halitta, a ganina, za ta fi tamu ƙwarewa wajen kawaici da kauce wa tambaya, domin mutanenta za su san cewa duk tambayar da suka yi za su sha ɗacin amsarta. A nan ne barkwanci mai zurfi yake kwance, amma fim ɗin ya zaɓi hanya mai sauƙi, wato kowa ya ci mutuncin jarumi ido da ido. Irin wannan raha tana da daɗi sau biyu ko sau uku, daga nan mai kallo ya riga ya san abin da duk wanda ya buɗe baki zai faɗa: Mark gajere ne, mai ƙiba ne, hancinsa a ɗage yake.

Kuskure na biyu ya fi girma. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk wani barkwanci da aka gina a kan maƙaryaci daga wannan ƙurewar yake samun ƙarfinsa: an yi ƙarya ɗaya, dole a yi ta biyu don a rufe ta farko, mai kallo yana dariya yana kuma fargabar lokacin da asiri zai tonu. Ramin Mark ba shi da ƙarshe. A mashaya ya ce shi ne ya ƙirƙiro keke, aka yarda. A gidan caca ma ya yi ƙaryar cewa ya ci, aka biya shi. Ɗan sanda ya tsayar da abokinsa yana tuƙi cikin maye, ya ce ba a buge yake ba, aka sake shi. Babu mai zarginsa, babu mai iya kama shi, babu kuma wani maƙaryaci na biyu da zai kara da shi, sai abin ya zama kamar wasan ƙwallon da ƙungiya ɗaya ce kawai a fili, tana ta zura ƙwallo a ragar da babu mai tsaronta.

Da marubutan suka ga dabarar ta daina haifar musu da rikici, maimakon su faɗaɗa ta sai suka saki reshe suka kama ganye, suka mayar da rabin ƙarshe labarin soyayya irin wanda aka saba. Anna tana jin daɗin zama da Mark amma ba za ta aure shi ba, saboda ba ta son haifar 'ya'ya masu ƙiba da ɗagaggen hanci, ta fi son Brad, abokin aikin Mark mai kyan sura wanda Rob Lowe ya fito a matsayinsa. Ka lura cewa wannan cikas ba shi da wata alaƙa da gaskiya ko ƙarya. Babu dalilin da zai sa mutanen da ba sa ƙarya su zama marasa tausayi ko masu duba sura kaɗai wajen zaɓen miji, an dai ɗora musu wannan hali ne don a samu abin da zai ja labarin zuwa ranar ɗaurin aure. Daidai wurin da dariyarka ta ɗauke ke nan.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon rubutun fim. Malaminmu ya kwatanta wannan fim da Liar Liar na Jim Carrey, ya ce na Carrey ya fi shi ginuwa duk da cewa dabararsa ba ta kai ta wancan girma ba. Ta yaya ƙaramar dabara za ta fi babba, kuma da ni aka ba wa labarin Mark Bellison, ta ina ya kamata in gyara?

AMSA: Malama, malaminku ya faɗi daidai, kuma dalilin a bayyane yake idan kika ajiye labaran biyu gefe da gefe. Liar Liar ya fito a 1997 bisa umarnin Tom Shadyac, kuma labarin wani lauya ne mai suna Fletcher Reede (Jim Carrey) wanda ƙarya ta zama masa sana'a, har ɗansa Max, ranar da ya cika shekara 5 uban bai zo ba, ya yi fatan a ce mahaifinsa ya kasa yin ƙarya na kwana ɗaya tak. Fatan ya tabbata, kuma ya faɗo daidai ranar da Fletcher zai tsaya a kotu kan shari'ar rabuwar aure da ya riga ya tsara ta a kan shaidar zur. Kin ga an ɗaure jarumi ta fuska uku: an ba shi wa'adi na awa 24, an ba shi sana'ar da take cin karo da halin da ya shiga, an kuma ba shi abin da zai rasa, wato ɗansa da matsayinsa a wurin aiki. Kowace fitowa matsi ne a kan matsi. Akwai inda ya kulle kansa a ofis yana riƙe da biro mai launin shuɗi yana fama da bakinsa da hannunsa don ya ce ja ne, ya kasa. Akwai inda ya shiga banɗakin kotu ya lakaɗa wa kansa duka don alƙali ya ɗage zama.

Abin da ya fi muhimmanci gare ki a matsayinki na marubuciya shi ne yadda aka warware shari'ar. Fletcher ya ci nasara da gaskiya tsagwaronta, bayan ya gano cewa matar da yake karewa ta yi ƙarya game da shekarunta, kuma ba ta kai 18 ba lokacin da ta sa hannu a yarjejeniyar rabon dukiya kafin aure, wanda hakan ya rushe yarjejeniyar. Ma'ana, dabarar da ta ƙulla rikicin ita ce ta kwance shi. Shi ma wannan fim yana da ɗan laifin sakin baki ba tare da an tambayi jarumi ba, amma ana yafe masa saboda mutum guda ne abin ya sama, sauran duniya tana nan yadda muka san ta, tana jin zafin maganarsa tana mayar da martani. Kasuwa ma ta nuna bambancin, domin Liar Liar ya tara sama da dala miliyan 300 a duniya, shi kuwa na Gervais kimanin dala miliyan 32 ya samu a kan kuɗin shiryawa na dala miliyan 18.5. Yawan kuɗi ba hujjar inganci ba ne a kullum, amma a nan sun tafi tare.

Game da gyara kuwa, abu na farko da zan ba ki shawara a kai shi ne ki samar da maƙaryaci na biyu tun kafin rabin labari, kuma Brad ne ya fi dacewa, tunda ya riga ya tsani Mark kuma yana kusa da shi har zai iya lura cewa maganganunsa suna karo da juna. Ranar da mutum biyu suka faɗi abubuwa biyu masu saɓani a gaban jama'ar da ba ta san shakka ba, ranar ce za a haifi zargi da rantsuwa da neman shaida da sa hannu a takarda, kuma kowanne daga cikin waɗannan fitowar barkwanci ce mai zaman kanta. Abin mamaki shi ne fim ɗin ya san da wannan ƙofa, domin a fitowarsa ta ƙarshe an nuna ɗan da Mark da Anna suka haifa ya gaji baiwar, yana taya mahaifinsa yabon girkin uwarsa alhali bai yi daɗi ba. An kawo maƙaryaci na biyu ana saura minti kaɗan a rufe, lokacin da ba zai iya yi wa labarin wani amfani ba.

Abu na biyu, ki fitar da Mark daga unguwarsu. Fim ɗin bai leƙa kotu ba, bai leƙa yaƙin neman zaɓe ba, bai nuna yadda ake ciniki ko sulhu tsakanin ƙasashe a duniyar da ba a ɓoye niyya ba, alhali nan ne mai kallo yake ɗokin a kai shi. Abu na uku, ki sa ƙaryar alheri ta yi tsada. Mark ya faɗa wa maƙwabcinsa Frank, wanda yake yawan zancen kashe kansa, cewa komai zai daidaita, kuma maganar ta yi aiki. Amma me zai faru ranar da abin bai daidaita ba, Frank ya dawo yana neman bayani daga mutumin da a saninsa ba ya faɗin abin da babu? Akwai wuri guda da fim ɗin ya taɓa irin wannan zurfi, inda Anna ta tambayi Mark ko dukiya da suna suna canza abin da 'ya'ya za su gada daga jikin uba, ya yi jim, yana sane da cewa kalma ɗaya za ta ba shi ita, sannan ya ce a'a. Ki nazarci wannan fitowa da kyau, domin ita kaɗai ce a rabin ƙarshe da zaɓin jarumi tsakanin gaskiya da ƙarya ya jawo masa asara.

TAMBAYA: Malam, na ji ana kushe fim ɗin nan, amma ni fitowar rasuwar mahaifiyar Mark ta sa ni hawaye. Ashe wannan bai isa a ce fim ɗin ya yi nasara ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, hawayenki ba su zuba a banza ba, domin ta fuskar wasa wannan ce fitowar da Gervais ya fi nuna ƙwarewa. Likita ya gama shaida wa tsohuwar, ba tare da wani sassauci ba, cewa da wuya ta kwana, ita kuma tana rawar jiki don tsoron abin da take ɗauka ɓacewa ce ta har abada, sai ɗanta ya riƙe hannunta yana kuka yana faɗa mata cewa za ta je wurin da babu ciwo, za ta haɗu da duk waɗanda take ƙauna, kowa kuma zai samu katafaren gida. Ta cika da murmushi, ya juya ya tarar likita da ma'aikatan jinya sun yi cirko-cirko suna roƙonsa ya ci gaba. Sai dai fitowa ɗaya ba ta ɗaukar nauyin fim na kusan minti 100, kuma abin da ya biyo bayanta ya sauya fim ɗin zuwa wani abu dabam, kamar yadda za ki gani a amsar da ke tafe.

TAMBAYA: Malam, ni magidanci ne, kuma na ga an rubuta cewa fim ɗin barkwanci ne. Zan iya zama in kalle shi da iyalina?

AMSA: Ranka ya daɗe, shawarata ita ce kada ka yi hakan, kuma dalilai biyu ne. Na farko, hukumar da ke tantance fina-finai a Amurka ta ba shi matakin PG-13, wanda yake gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, kuma tun a fitowar farko akwai maganganun batsa da aka faɗa ƙarara, akwai shan giya, akwai kuma zancen kashe kai da aka mayar abin raha.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma tallan fim ɗin bai bayyana shi ba. Bayan rasuwar mahaifiyar Mark, jama'a sun yi dafifi a ƙofar gidansa suna neman ƙarin bayani game da abin da ke bayan mutuwa, sai ya kwana yana rubuta wasu ƙa'idoji guda 10 game da wanda ya kira Mutumin da ke Sama, ya manna su a kan kwalayen abincin fiza (pizza) guda biyu, ya fito yana riƙe da su irin yadda masu zanen Turai suke zana Annabi Musa (AS) da alluna. Daga baya kuma, lokacin da baƙin ciki ya kwantar da shi, an nuna shi da dogon gashi da gemu yana lulluɓe da farin mayafi, siffar da Turawa suka saba zana Annabi Isa (AS) da ita. Saƙon ba a ɓoye yake ba: a cikin wannan labari, imani da Mahalicci da lahira ƙirƙirar maƙaryacin farko ce. Gervais bai taɓa ɓoye cewa shi bai yarda da samuwar Allah ba, kuma ofishin tantance fina-finai na majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta Amurka ya sanya fim ɗin a rukunin waɗanda suka saɓa wa tarbiyya. Musulmi da Kirista duka za su ji an taɓa abin da suke girmamawa, kuma yaro ƙarami ba shi da ma'aunin da zai tace irin wannan saƙo idan ya zo masa a naɗe cikin raha.

Ko da an ajiye batun aƙida an dubi sana'ar kawai, wannan sashe ma bai tsira daga ciwon da ya kama sauran fim ɗin ba. An ɗauko tambaya mafi girma da ɗan Adam yake yi, aka yi mata doguwar fitowa guda inda jama'a suke yi wa Mark tambayoyin ƙure game da gidajen da za a raba da laifuffukan da za su hana mutum shiga, sannan aka ajiye ta aka koma kan wanda Anna za ta aura. Da Mark ya shaida wa Anna a ƙarshe cewa shi ya ƙirƙiri zancen gaba ɗaya, ba a nuna abin da ya faru da miliyoyin da suka gina rayuwarsu a kan maganarsa ba, ba a kuma tuhume shi da komai ba. Idan burinka shi ne fim ɗin barkwanci kan ƙarya da za ka kalla kai da manyan gidanka, Liar Liar bai taɓa addini ta wannan fuska ba, amma shi ma matakin PG-13 yake kuma yana da nasa maganganun na manya, don haka ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka yanke shawarar wanda zai zauna tare da kai.